Ƙullin Isaka a Murfin Tanki

A bakin hanyar Badagishiri nake sayar da fetur a kwalabe, sunana Umar, kuma yawancin masu garka, wato lambun rani, na kwarin nan wurina suke sayen man injin ban ruwa. Na ga masu ciniki iri-iri, amma ban ga irin Isaka ba. In ya zo sai ya ɗaga kwalba ya duba ta a rana, ya shinshina, ya tsoma yatsa ya murza, sannan ya dube ni kamar ni na sace masa akuya. Bai taɓa kama ni da komai ba, kuma wannan ne ya tabbatar masa cewa na ƙware wajen ɓoye ha'inci.

Ba haka kawai ya tashi da halin ba. Yana saurayi ya kai albasarsa Birnin Konni ya sayar, ya sayo injinsa na farko, ja wur, sai ƙyalli. Ko sati bai yi ba fenti ya fara ɓarewa, ashe tsoho ne aka shafe. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Tun daga nan Isaka ya daina yarda da ɗan Adam. In ka gaishe shi da fara'a, akwai abin da kake nema. In ka wuce ba ka gaishe shi ba, akwai abin da kake ɓoyewa.

Mutum ɗaya ne ya tsira, Bawa, maƙwabcinsa na garka. Tare suka tashi, tare suka haƙa rijiyoyinsu. A shingen ƙayar da ya raba garkokinsu sun bar wata kafa, ta nan suke ratsawa ba sallama, wannan ya ɗauki fartanya, wancan ya ja tiyo. Mu da ke gefe mun san ranar da kafar nan ta toshe, Isaka ba shi da kowa a duniya.

Ranin bara, ana tsakiyar dashen albasa, wani ya kawo labari kasuwa wai can wajen Tsarnawa an zuba wa wani yashi a tankin inji. Ba wanda ya san mutumin, ba wanda ya ga injin. Kowa ya ji ya manta, ban da Isaka. Ya koma garka ya lulluɓe murfin tankinsa da leda, ya naɗe da igiyar roba tamau, ya yi wani ƙulli irin nasa, yadda ko an taɓa zai gane.

Washegari inji ya fara iya shege. Ya tashi lafiya lau, ruwa ya shiga fangali, can sai ya yi tari ya mutu. Isaka ya kwance ƙulli ya buɗe murfi don ya duba ko an zuba wani abu, sai ya ji tankin ya yi wani huci. Bai ga komai ba. Ya rufe, ya ɗaure, ya ja igiya, inji ya tashi. Bayan ɗan lokaci ya sake mutuwa. Haka suka wuni, shi da inji, kowa na jiran ɗan'uwansa ya gaji.

Ni ya fara faɗo wa, da kwalba a hannu.

"Umar, mi kas sa ma man ga? Ruwa ko kananzir?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Man da kas saya shi Bawa yas saya, jarka guda. Nashi inji na ta aiki tun sahe."

Ya ƙanƙance ido. "Nashi na aiki, ko?"

Daga nan ya ɗora injin a amalanke sai wurin Bala bakanike. Amma kafin ya isa sai da ya tsaya ya kwance robar ya cusa a aljihu, don kada Bala ya koyi ƙullin. Bala ya wanke kafireta, ya hura tiyon mai, ya sa sabuwar buji, wato fulogi. Inji ya yi ta ruri a rumfa har maƙwabta suka yi ƙorafi. Ana komawa garka, aka ɗaure murfi, ciwo ya dawo. Isaka ya ce Bala rabin gyara yake yi don a riƙa dawowa. Duk tsawon kwanakin nan, da injin Bawa ake shayar da albasar Isaka, ta kafar nan ake jan tiyo.

Sai Isaka ya zauna ya yi lissafinsa. Ƙulli yana nan yadda ya bar shi, amma inji na mutuwa. Ke nan mai ɓarnar yana kwancewa ya mayar. Ke nan ya san ƙullin. Wa ya taɓa ganinsa yana ɗaurewa? Wa ke shiga garkarsa ba sallama? Wa zai ji daɗi in ta Isaka ta bushe, tasa albasar ta riga ta kowa zuwa kasuwa?

Bayan la'asar, a gaban masu garka, ya faɗa wa Bawa cewa shi ke lalata masa inji. Ina wurin, na kai wa wani mai. Wallahi kunya ta kama ni kamar ni na faɗa.

Bawa bai ɗaga murya ba. Ya dube shi ya ce, "Ni, Isaka?"

"Kai kaɗai kas san ƙullin."

Bawa ya naɗe tiyonsa ya ja ta kafar. Kafin magariba ya saro ƙaya ya cike wurin.

Albasa ba ta san rigima ba, ruwa ta sani. Ganyen ya fara kwanciya, bakinsa ya yi rawaya. Ni kuma mutane suka fara wuce kwalabena, don maganar ruwa a mai ta riga ta zaga. Na gaji. Na ɗauki Bala a babur, ba mu yi aike ba, sai garkar Isaka. Muka tarar da shi tsugune gaban inji yana gadi.

Bala ya tsaya turus. "Baba Isaka, mi na na wanga ga murhi?"

"Ba ruwanka."

Bala ya zaro wuƙa ya yanke robar, tanki ya yi hucin nan. Ya juya murfin ya nuna masa wata 'yar huda da ba ta fi bakin allura ba. Ya ce ta nan iska ke shiga in mai na sauka, in an toshe ta man sai ya tsaya, kamar yadda ruwa ke ƙin fita daga buta in ka danne bakinta. Ya mayar da murfin haka nan, ya ja igiya. Inji ya yi ta aiki har rana ta faɗi, ko tari bai yi ba.

Na so in yi dariya, na daɗe ina jiran ranar. Amma da na dubi Isaka sai na kasa. Ba injin yake kallo ba, shingen yake kallo.

Da safe ya zo wurina ya sayi mai. Bai ɗaga kwalbar ba, bai shinshina ba. Ya ce, "Umar, raka ni wurin Bawa."

Muka zagaya ta hanya, muka yi sallama a ƙofar garka. Isaka ya faɗi abin da ya faru, bai rage komai ba. Bawa ya saurara har ƙarshe ya ce, "Na yahe, Allah shi yahe muna baki ɗai." Suka yi musafaha. Isaka ya ɗan tsaya yana duban ƙayar, ko za a ce wani abu a kanta. Bawa ya duƙa ya ci gaba da cire ciyawa.

Rabin albasar ta farfaɗo, injin kuma yana nan lafiyarsa ƙalau. Damina ta zo ta wuce, kabewa ta hau ƙayar ta rufe ta, baƙo ba zai san an taɓa yin hanya a wurin ba. In Isaka na son aron fartanya, sai ya zagaya ta bakin hanya ya tsaya a ƙofa ya yi sallama, ya jira a ce masa ya shigo.