Kuɗin da Ba a Cefane da Su

Maigidana ya yi shekaru yana caca a waya, kuma duk tsawon lokacin nan bai taɓa sayo mana ko tattasai da kuɗin caca ba. Da wannan na fara ne saboda shi ma da ita yake farawa duk ranar da maganar ta tashi tsakaninmu, yana faɗa yana gyara zaman hula, sai ka ce an ba shi lambar yabo. Kuma gaskiya ce, ni shaida ce.

A gidan malamai aka aurar da ni, a Batsari. Surukina, wanda duk muke kira Baba, yana da makarantar allo da Islamiyya a ƙofar gida, ga masallaci manne da zaure. Da gwiwoyinsa suka daina ɗaukar tsayuwa, sai ya tsayar da maigidana, babban ɗansa, yana jan mutane sallar Asuba da Magariba da Isha. Da rana kuwa akawu ne a sakatariyar Safana, ya tafi a babur da safe, ya kamo hanya tun rana ba ta yi ja ba, don ba hanyar da ake yin yamma a kanta ba ce. Aikin ofis bai taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba. Tsayuwar nan a gaban sahu ita ce mutuncinsa, domin kowa a unguwa ya san wanda Baba ya tsayar a nan shi zai riƙe makaranta bayansa. Ni da shi duk mun san ranar da Baba ya ji labarin caca, ranar tsayuwar ta ƙare.

Ni ma ina da ɗan aikina a gidan. Ina karantar da matan aure da hantsi, kuma ta hannuna tambayoyinsu suke isa wurin Baba. Mace ba za ta iya durƙusawa gaban tsoho ta yi maganar jinin haihuwa ko ta rikicinta da miji ba, sai ta raɗa mini, ni kuma in je in ce, “Baba, wata ta ce a tambayo.” Bai taɓa cewa wace ce ba, ni ma ban taɓa faɗa ba.

Abin ya fara ne a shekarar da muka haƙura da gonar daji, saboda zuwa can ya zama sayar da rai. Geron da muka saba ɗiba a rumbu ya koma na awo a kasuwa, albashi kuma yana zuwa lokacin da ya ga dama. Abokan ofis suka nuna masa yadda ake zaɓar wasannin ƙwallo a waya, a zuba 'yan canji a jira sakamako. Mutumin da bai taɓa zama ya kalli ƙwallo daga farko har ƙarshe ba, sai ga shi ya haddace sunayen garuruwan Turawa. Wata ranar Litinin ya dawo fuskarsa wani iri, ya kasa cin tuwo, na matsa masa har ya miƙo mini wayar. Ya ci, kuma ci mai kyau.

Na ce, “Malam, subhanallahi. To tunda an riga an yi, ka fidda su ka rufe abin nan, a nemi gafara.”

“In fidda su in kai ina?” ya ce.

Nan muka zauna muna zagaye. Cefane dai babu, ba zai zuba wa 'ya'yansa haram a ciki ba. Sadaka babu, Allah ba ya karɓar sai mai tsarki. Masallaci ko makaranta, wannan ma ko a yi maganarsa. Na ce ya ba wani mabuƙaci ba da sunan sadaka ba, ya ce shi ke nan ya tsira da cikinsa ya cuci cikin wani Musulmi. Na ce ya bar wa masu cacar kayansu, ya ce ai wannan ƙarfafa wa ɓarna gwiwa ne. Kowace ƙofa na buɗe sai ya rufe ta da hujja, kuma ya fi ni karatu. Kuɗin suka kwana a waya.

Bayan 'yan kwanaki ya samo mafita, wadda har yau in na tuna ta sai in ji gajiya ta sauko mini a kafaɗu. Zai ci gaba da buga su har su ƙare, su koma inda suka fito, shi ke nan ya wanke hannu. Sai dai kuɗin ba su san da wannan shiri ba. Yau su ragu, gobe su ninka. Da suka tashi ƙarewa kuwa sai suka tafi har da 'yan canjin da ya fara zubawa, waɗanda daga albashinsa suka fito. A nan doka ta biyu ta shigo.

“Halalina ne aka riƙe mani,” ya ce. “Ba ni barin gumina hannun 'yan caca. Da na ƙwato shi na bari, wallahi.”

Don ya ƙwato halalin, sai ya ƙara wani halalin a kai. To ka ji yadda muka zauna. In ya ci ba ya iya tsayawa, saboda akwai haram a hannunsa da bai san inda zai kai ba. In an cinye shi ba ya iya tsayawa, saboda akwai halal a hannunsu da bai karɓo ba. Na sha jin matan da mazajensu ke caca suna cewa kwaɗayi ne, ko shaye-shaye, ko miyagun abokai. Nawa mijin tsoron Allah yake kafa mini hujja da shi, ni kuwa ban san yadda ake faɗa da wannan ba.

Yana da ƙa'idoji, kuma yana kiyaye su. Ba ya bugawa ranar Juma'a sai an sauko. Ba ya bugawa da azumi a bakinsa. Ba ya shiga masallaci da wayar, sai ya ajiye mini ita a kan taga. Ina zaune ina tsince shinkafa, muryarsa tana fitowa ta lasifika yana karatu mai sanyi, irin wanda tsofaffi ke hawaye in sun ji, wayar kuma tana gurnani a kan taga tana sanar da wanda ya jefa ƙwallo a raga. Da farko nakan yi kuka. Daga baya sai in kifa mata kwano in ci gaba da aikina.

Gidan ya riƙa ramewa a hankali. Nama ya bar miyarmu, tunkiyar da nake kiwo ta tafi kasuwa, na koma soya ƙuliƙuli da awara don kuɗin makarantar yara. Akwai watan da muka yi ta cin tuwo da miyar kuka tsura, alhali a cikin wayar nan akwai abin da zai saya mana buhunan gero. Ba zan ɓoye ba, na ji haushinsa ƙwarai. Na ji haushin yadda yake kallona da tausayi in na yi ƙorafi, kamar ni ce ban fahimci addini ba. Amma ban gaya wa kowa ba, ko mahaifiyata. In matan gida suka ce na rame sai in ce zazzaɓi ne.

Na roƙe shi ya tambayi malami. Ya yi dariya marar daɗi ya ce wane malamin? Daga Batsari har Safana har Tsaskiya, duk mai rawanin da za a tambaya ko almajirin Baba ne, ko surukinsa, ko abokin karatunsa. Na ce ya buga waya gidan rediyo ranar da ake amsa tambayoyi, ya ce muryar da ake ji a lasifika kullum ita zai ɓoye? Sai ya koma buɗe littattafai shi kaɗai, kuma kullum amsar da yake samowa ita ce wadda za ta bar shi ya ƙara bugawa.

Bayan kaka, a wata shekara da gyaɗa ta yi kyau wa masu gonar kusa da gari, ya yi babban ci. Ya shigo bayan Magariba, ya ce duk abin da ya taɓa zubawa ya dawo, har da ƙari mai yawa. Na ce alhamdulillahi, halalinka ya dawo, alkawari ya cika, sai a rufe. Ya ce haka ne, gobe a Safana zai cire nasa, don a nan gari mai shagon cire kuɗi ɗalibinsa ne. Na ce ƙarin fa? Ya ce zai duba. Na san wannan dubawar, na sha ganin inda take ƙarewa.

Da safe ya hau babur ya tafi. Na gama karatun mata, na yafa mayafi na nufi zaure. A raina na ce amsa kawai nake so, in riƙo ta in jira shi da ita, daga bakin wanda ba zai iya yi wa gardama ba. Baba yana kan buzunsa, ya miƙe ƙafafu saboda ciwon. Na durƙusa daga nesa.

“Baba, ina kwana. An tashi lafiya? Ya ƙarfin jiki?”

“Lafiya lau, alhamdulillahi. Ya yaran? Ya ɗalibanki?”

“Suna gaishe ka, Baba. Ya ƙafar?”

“Da sauƙi. Allah shi yi maki albarka. Akwai saƙo?”

Na fara da ta mai ramuwar azumi, na bi da ta wadda ke tambayar zakkar gyaɗar da ta noma a gonar gado. Ya amsa su a tsanake. Sannan na ce, “Baba, wata ta ce a tambayo. Mijinta ya faɗa caca, ya ci kuɗɗi masu yawa, yana son ya bari, amma bai san yadda zai yi da su ba.” Na kwashe hujjojin nan duka na faɗa masa, na ci da na rashi.

Bai ko yi dogon tunani ba. “Wanga ai ba abin wahala ba ne. Shi tuba yau, kada shi jira gobe. Abin da aka cinye mashi ya tafi, ba a bin shi, shi ya kai da hannunshi. Abin da ya ci kuma shi fidda shi daga hannunshi, a gyara masai na kasuwa, ko a cike ramin hanya, ko a ba wanda yunwa ta kama. Shi mabuƙacin halal ne gare shi. Sai dai kada mai bayarwa ya sa ran lada, shara ce ya zubar.”

Na ji wani abu ya sauka daga ƙirjina. Shekarun nan duka, ashe amsar ba ta kai tsawon gaisuwarmu ba. Na yi godiya na yunƙura zan tashi, sai ya ɗaga hannu.

“Tsaya. Hujjojin nan da kika jero ba na jahili ba ne, wanga mutum ya yi karatu. Mi ya hana shi zuwa da kanshi?”

“Kunya, Baba.”

“To akwai sauran hukunci, don in akwai haƙƙin jama'a a wuyanshi dole a duba. Yana koyarwa? Yana jan mutane sallah?”

Da na ce a'a, da ya yarda, domin bai taɓa kama ni da ƙarya ba. Na buɗe baki, kalmar ta ƙi fitowa. Na zuba wa tabarma ido. Ban san tsawon shirun ba, na dai ji carbinsa ya daina motsi. Can ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, “Tashi ki tafi, ɗiyata. Allah shi yi maki albarka.”

Yinin ranar ban iya komai ba. Na ƙona awara, na daka wa yara tsawa ba laifin komai. Ina ta gaya wa kaina cewa ko me ya faru, aƙalla yau za a fidda kuɗin, a rufe, mu huta. Na ji ƙarar babur ɗin maigidana dab da Magariba, ya jingine shi a ƙofar gida ya wuce masallaci kai tsaye kamar yadda ya saba in ya makara. Aka tayar da sallah. Muryar da ta fito ta lasifika ta ƙanensa ce.

Maigidana ya shigo bayan an idar. Na riga na shirya wa faɗa, har saki na shirya wa. Ya zauna a bakin gado bai cire hula ba, ya ce Baba ya riƙe masa hannun riga a ƙofar masallaci, bai ce da shi komai ba, ya yi wa ƙanen nuni da ya wuce gaba. Ya tambaye ni ko ni ce, na ce ni ce, na gaya masa yadda aka yi. Sai ya tambaye ni maganar kuɗin.

“To mi ya ce a yi da su?”

Na maimaita masa kalma bayan kalma. Yana saurare yana gyaɗa kai, irin na ɗalibi a gaban darasi.

“Shi ke nan?”

“Shi ke nan, Malam.”

Ya zaro wayar daga aljihu, ashe yau da ita ya shiga masallaci, ya miƙo mini. Babu komai a ciki, na haram da na halal duka.

“Tun kafin Azahar,” ya ce. “Na iske shagon cire kuɗin cike da mutanen ofis. Na ce kafin su ragu bari in buga ƙarin in rage shi.”

Na ajiye wayar a kan gado tsakaninmu. Ko kuka ban iya ba, gajiya ce kawai, irin wadda barci ba ya maganinta. Iyakar sanina bai sake bugawa ba daga ranar, kuma bai taɓa ce mini don me na kai maganar wurin Baba ba, da ma ya ce da na fi samun sauƙi. Baba ya rasu bayan shekara biyu bai ɗaga maganar da kowa ba, makaranta tana hannun ƙanen.

Da aka kira Isha a ranar, ya tashi ya yi alwala, ya sa takalmi, ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki. Na ce ba zai tafi ba ne? Ya ce zai tafi, yana jira a tayar tukuna, kada ya je ya tarar da wuri a sahun gaba mutane su matsa masa. Haka yake yi har yau.