Firjin Madam Obiageli

Kafin rana ta leƙo ta kan rufin shagunan unguwar Demsawo a Jimeta, Madam Obiageli ta riga ta zare kwaɗon shagonta. Ba da shara take farawa ba, ba kuma da addu'ar da takan yi a gaban hoton mijinta ba. Firji take fara buɗewa, ta ɗora tafin hannu a ciki kamar uwa mai taɓa goshin ɗanta. In ta ji sanyi sai ta ce, "Chineke, na gode," sannan ta nemi tsintsiya.

Firjin ƙarami ne, bai kai ƙugunta ba. Babu lemo a ciki, babu fiya wata. Gwangwanayen madara ne a jere, kowanne an ɗaura masa ƙyalle a wuya: wannan gefen atamfa, wancan bakin rawani, wani kuma igiyar takalmi ce kawai, domin mai shi gwauro ne. A cikin kowane gwangwani akwai kwalbar insulin, maganin da masu ciwon suga ke yi wa kansu allura da shi. Magani ne mai shagwaɓa. In ya sha zafi ya lalace, in ya daskare ya lalace, kuma ba lallai ya canja kama ya gaya maka ba. Jikinka ne zai gaya maka daga baya. A garin da zafin bazara ke sa kwalta ta kama takalmi, wanda ba shi da wurin ajiye wannan kwalba ba shi da tabbacin ganin damina.

Sai masu gwangwani su fara zuwa. Akwai direban keke, akwai tsohon masinja, akwai matar da ke tahowa tun daga Damilu. Kowa ya ɗauki nasa, ya shiga bayan labule, ya fito yana gyara riga. Lado mai shayi, wanda rumfarsa ke jingine da bangon shagon, ba ya barin safiya ta wuce shiru.

"Adda Madam, yau ma marasa lafiyarki sun riga kwastomomina zuwa."

"Hamma Lado, kai ne kake kawo mini su. Wannan suga da kake zuba wa mutane, Allah yana gani fa."

"Suga? A wannan zamanin? Ai yanzu cokali kawai nake nuna wa kofi in mayar."

A ƙarshen wannan watan Madam za ta koma gida, wani ƙauye kusa da Onitsha. Gwiwoyi sun ƙi, kuma ɗanta Chiemeka ya gaji da roƙo ya zo da kansa. Tun da labarin ya fita, tambaya ɗaya ce a bakin masu gwangwani: ina firjin zai zauna? Shi ya sa ya kamata a faɗi yadda aka yi ya zama nasu.

Gwangwani na farko na Azumi ne, matar mai wannan rubutu, Allah Ya jiƙanta. Likita ya ce mata ta riƙa ajiye maganin a firji. Ya faɗa ne da sauƙi, kamar firji da wuta abubuwa ne da ake rabawa a ƙofar asibiti. Mijinta malamin makaranta ne, yana da firji a gida, amma littattafai yake ajiyewa a ciki saboda gara, domin wutar unguwar ba ta daɗewa har ta sanyaya ruwan kofi. A lokacin Madam tana da babbar firiza da janareto, tana sayar da ƙanƙara da zoɓo. Azumi ta je da kunya ta roƙi gurbi. Madam ta juye sauran madarar wani gwangwani a kofi, ta wanke shi, ta sa kwalbar, ta rataye shi can sama kusa da murfi inda ba ya daskarewa.

"Yaga mini zaninka kaɗan," in ji ta, da Hausarta ta kasuwar Jimeta. "Kar yara su sayar da shi a matsayin madara."

Azumi ta yage gefen atamfarta, shuɗiya mai zanen tsuntsaye. Ba ta iya riƙe magana ba, Allah Ya yafe mata, saboda haka kafin shekara ta zagayo duk mai ciwon suga a layin asibiti ya san shagon. Madam ba ta taɓa karɓar ko sisi ba. Ƙyalle kawai take karɓa.

A shekarar da kashe-kashe suka iso Jimeta, manyan motocin kudu suka riƙa cika suna tashi. Mijinta Theophilus, mai sayar da kayan gyaran babur, ya ɗaure kaya har da tukwane. Lado yana wurin, kuma har yau yana ba da labarin da kwaikwayon murya. Ya ce Madam ta tsaya a gaban firiza ta riƙe ƙugu.

"Theo, ka tafi, zan biyo ka."

"Yaushe?"

"In na samu wanda zai kunna inji."

"Obiageli, mutane suna gudu da ransu, kina maganar inji?"

"Ran mutane ne a ciki, abeg. Buɗe ka gani."

Theophilus ya zauna a kan ƙunshin katifa. Daga nan ya tashi ya fara kwance igiya. Tun daga ranar, maza masu gwangwani suka riƙa zama a bencin ƙofar shagon bi da bi, da carbi a hannu, kamar masu shan iska. Babu wanda ya shirya hakan, babu kuma wanda ya taɓa kiransa gadi. A nan Jimeta Theophilus ya ƙarasa kwanakinsa, shekaru bayan haka, a kan gadonsa.

Da 'yan tada ƙayar baya suka ci garuruwan arewacin jihar, Aishat ta iso daga Michika, rabin hanyar a ƙafa, da kwalbar magani ƙulle a bakin zani. Rana ta riga ta dafa shi. Ta faɗi a gefen titi kusa da shagon, mutane suna cewa aljanu ne. Madam ta sunkuya ta ga kwalbar, ta ce ba aljanu ba ne, ta tare keke. Da Aishat ta fito daga asibiti da sabon magani, Madam ta wanke mata gwangwani ta ce ta yago ƙyalle. Aishat ta dubi jikinta. Zani ɗaya gare ta a duniya. Madam ta shiga ciki ta yago gefen ankonsu na matan coci ta ɗaura.

"Shi ke nan," in ji Lado. "Maganin Musulma ya shiga zumuntar matan coci."

"Rufe baki, Hamma Lado. Magani ba ya zuwa masallaci, ba ya zuwa coci."

Aishat ta kafa kaskon ƙosai a gefen rumfar Lado, kuma a nan take har yau.

Sai aka wayi gari an cire tallafin man fetur. An ce mana gyara ne, kuma za mu ji daɗinsa nan gaba. Masu faɗin haka a ɗakuna masu sanyi suke faɗa. Kuɗin wuta ya hau, wutar ba ta hau ba. Zafi kuwa kowace shekara sai ya zo da ƙari, har tsofaffin Yola suka daina cewa sun taɓa ganin irinsa. Manyanmu sukan hau jirgi su je taron sauyin yanayi a ƙasashe masu nisa, su dawo da hotuna, a dasa itatuwa a gaban kyamara, awaki su zo su rufe taron. Wanda ya ɗumama duniya bai biya ba, wanda ya tafi karɓo diyyar bai dawo da bayani ba. A Demsawo, duk wannan lissafin a wuyan mace ɗaya mai janareto ya sauka.

A wani azumi na tsakiyar bazara wuta ta ɗauke gaba ɗaya, aka ce an kayar da turakunta a daji. Ƙanƙara ta zama abin da ake yi wa layi. Duk mai firiza a garin nan ya ga kasuwar da bai taɓa gani ba. Madam ta duba man da za ta iya saye, ta ga ba zai riƙe injin yini guda ba. Sai ta riƙa kunna shi kaɗan, ta haɗa ƙanƙara, ta kashe, ta jera ƙanƙarar a kula, ta shimfiɗa buhu a kai, ta ɗora gwangwanayen. Wani mai babbar mota ya tsaya dab da shan ruwa, ya sauke gilashi ya ce ta faɗi duk abin da take so.

"Ya ƙare, Alhaji."

"Ga ta can ina hange a kula!"

"Wannan an riga an saya."

"Wa ya saya?"

Ta nuna masa Aishat tana juya ƙosai, da tsohon masinja yana gyangyaɗi a benci. Ya ɗaga gilashinsa ya tafi. Da man ya gagara ɗungurungum, ta sa ƙaramar tukunya a cikin babbar randa, ta cika tsakaninsu da yashin Binuwai, ta riƙa jiƙa shi da ruwan da take saye a wajen 'yan garuwa. Da damina ta sauka ta sayar da firizar da janareton, wato sana'arta kenan gaba ɗaya, ta sayi farantin sola da batir da wannan ɗan firji. Chiemeka ya yi ta faɗa a waya har makwabta suna ji. Ta bar shi ya gama, ta tambaye shi ko ya ci abinci.

Ke ce, Madam, kika lura da abin da babu wanda ya lura da shi. Kin san yadda kowace kwalba ke raguwa kamar yadda mace ta san buhun hatsinta. Ke kika ga ta Aishat ta daina sauka yadda ta saba. Kika tare ta a bayan labule.

"Aishat, kana wasa da ni? Wannan kwalba bai tafiya."

Aishat ta sunkuyar da kai. Magani ya yi tsada, man suya ya yi tsada, wake ya yi tsada. Rabin allura take yi, don maganin ya kai ta wani watan. Ƙafafunta sun riga sun fara kumbura.

A cikin makon da hakan ta faru ne Azumi ta rasu. Ba zafi ne ya kashe ta ba, ba kuma lalacewar magani ba. Ko sau ɗaya maganinta bai lalace a hannunki ba, kuma shekarun da ta ƙara a duniya da sanyin shagonki ta ƙara su, bayan ikon Allah. Ranar sadakar uku kika zo gidan makokin a unguwar Makama da mayafin aro, kika zauna cikin mata. Da za ki tafi kika ce a kira miki maigidan. Mutane da yawa sun yi masa magana a ranar, da ayoyi da nasihohi, yawancinsu bai riƙe ba. Taki ya riƙe.

"Malam, sannu. Allah Ya ba da haƙuri. Maganin Azumi ya rage, ba a buɗe ba. In ba Aishat?"

Ba ki miƙa shi haka kawai ba. Sai da kika kai wa Rhoda, nas ɗin da ke bayan layinku, ta duba ta ce iri ɗaya ne. Daga nan ya zama al'ada: duk wanda ya rasu, iyalansa kan bar abin da ya rage ga na kusa da shi a jere. Ƙyallen mamacin kuma ki kwance shi ki ɗaura a hannun firji.

Da maganar tafiyarta ta tabbata, masu son firjin suka fito. Wani kwamiti ya ce a kai shi ofishinsa, wanda ake buɗewa in sakatare ya ga dama. Wani mai neman kansila ya ce zai ɗauki nauyinsa, in dai za a manna hotonsa a ƙofar. Madam ta saurari kowa da ladabi. Ran Asabar da ta wuce ta sa aka sauke farantin sola daga rufinta aka ɗora a kan rumfar Lado, aka tura firjin zuwa lungun da Aishat ke ajiye wake.

"Ni?" in ji Aishat. "Madam, ban yi boko ba."

"Ni na yi? Maganinka yana ciki. Ba za ka manta ba."

"To ni fa?" in ji Lado. "Rufina ne fa."

"Kai aikinka surutu. Wanda bai zo da safe ba, ka yi ta ihu har a je a duba shi."

Aishat ta shafa ƙyallayen da ke hannun firjin. Sun yi yawa, har hannun ya yi kauri, wasu sun koɗe. Akwai shuɗi mai zanen tsuntsaye a cikinsu. Ta tambaya ko a cire su a wanke hannun.

"Bar su," in ji Madam. "Ba na korar kwastoma don ya mutu."

Madam Obiageli, uwar masu gwangwani, mun gode. Useko. Ba ki da kujera, ba ki taɓa halartar taro a kan makamashi ba, amma ke kaɗai ce hukumar da ta yi mana alkawarin sanyi ta cika. Allah Ya kai ki gida lafiya, Ya sassauta miki gwiwoyin nan, Ya sa Chiemeka ya rage faɗa.

Ku kuma masu farantan sola a kan rufi, a Damilu da Makama da sauran unguwanni, ku buɗe firjinku ku duba. Tsakanin kwanon miya da robar ruwa akwai gurbin gwangwanin madara ɗaya. Wani a layinku yana neman wannan gurbin, kuma kunya ba za ta bar shi ya tambaya ba. Ku riga shi magana.

Jiya da safe Madam ta zo rumfar tana dogara sanda, ta tsaya a bayan Aishat ba ta taɓa komai ba. Aishat ta buɗe firjin ta sa tafin hannu.

"Akwai sanyi?"

"Akwai, Madam."

"To, ɗauki tsintsiya."