Man Keken Ɗinki a Ƙarƙashin Ruwa

Edita, a lokacin da abin nan ya faru ni tela ne a wani lungu na Yakasai, mai ɗan shago da keke biyu da cika baki. Abu biyu nake taƙama da su. Na farko ido: in aka fasa dilar gwanjo, daga nesa nake gane rigar da za ta yi ƙarko da wadda wanki ɗaya zai kashe. Na biyu ruwa. Tun ina yaro nake satar jiki in tafi kududdufi, in dawo da jan ido, mahaifiyata Inna ta zane ni, gobe in koma. Inna 'yar makiyaya ce da aure ya kawo cikin birni, kuma a wurinta duk ruwan da ya wuce gwiwa ba na ɗan Adam ba ne. Na girma har na tara iyali, amma ko rafi zan je sai na ɓoye mata.

Wata rana wani dattijo daga Gwale ya kawo mini ɗinki. Muna hira na gano ya yi rayuwarsa a kudu yana nutso ƙarƙashin jiragen ruwa, yanzu ya dawo gida yana koya wa matasa a dam ɗin Tiga. Ranar ko wuyan riga ban iya yankawa daidai ba don murna. Na yi ta bin Inna da roƙo, na turo kawuna, na turo matata, har ta gaji ta yarda. Amma ta kafa sharaɗi: duk ranar da ruwa ya taɓa lafiyata, ko sau ɗaya ne, in zo in faɗa mata da bakina, kuma daga ranar na bar nutso har abada. Na yi alkawari ina dariya.

Na fara koyo da kayan malamina. Da hannuna ya faɗa, sai ya ce lokaci ya yi da zan mallaki nawa. Tukunyar iska zai riƙa ba ni aro, saura in nema. Ya ja kunnena cewa rigar roba da takalmin nan mai kama da ƙafar agwagwa ana iya sayen na hannu, amma ragileta, wato abin da ake sa wa a baki ana shaƙar iskar tukunya, ko dai sabuwa, ko kuma in kawo masa ya buɗe cikinta kafin ta taɓa ruwa. Na ce to. Sai dai abin da na tara ba zai isa in sayi duka kayan sababbi ba, kuma da wani ɗan unguwarmu mai safarar kaya daga Legas ya turo mini hotuna, sai telan da ke cikina ya farka. Rigar roba ta hannu da ya nuna mini ɗinkinta ya saki a hammata. Ni, tela guda, in shiga cikin mutane da ɓarakar hammata? Na zaɓi sabuwa fil, baƙa mai ratsin shuɗi, ta cinye kusan komai. Da ragowar na ɗauki wata tsohuwar ragileta, don ƙarfenta yana ƙyalli, idona kuma ya ce mini lafiyarta ƙalau.

Da ta iso na ji maɓallinta yana ɗan cijewa. A shagon tela kuwa duk abin da ya cije maganinsa ɗaya ne. Na kwance murfin, na ɗauko man keke, na ɗiga mata a ko'ina, har robobin ciki na shafe su suka yi sheƙi. Na rataye ta a ƙusa tana jiran ranar fita. Rigar kuwa sai da na sa ta na zaga tsakar gida a cikin zafin nan na bazara, gumi yana zuba, matata tana riƙe ciki tana cewa kwaɗo ya shigo mata gida.

A bakin dam malamina ya yaba rigar, sannan ya tambaya ko an yi wa ragiletar sabis. Na ce an yi. A raina ban ɗauka ƙarya na yi ba, ai ni na yi mata. Ya sa na shaƙa a tudu, ta ba da iska, muka shiga. Muna bin igiya muna sauka, ruwan ya yi kore sannan ya yi duhu, ina jin daɗin da ban san yadda zan kwatanta shi ba. Sai na ja numfashi na ji ɗanɗanon mai. Na sake ja, ruwa ya cika mini baki. Edita, na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, kuma wallahi ba 'ya'yana na fara tunawa ba, fuskar Inna na gani. Allah ya sa malamina yana dab da ni. Ya damƙe kafaɗata, ya tura mini abin shaƙarsa na biyu a baki, ya hana ni zabura sama, muka hau a hankali.

Da na gama tari da amai, ya buɗe ragiletar. Robar ciki dama ta tsufa, man kuma ya sa ta kumbura ta yage. Ya kai ta hanci ya shinshina, ya dube ni, ya tambaya ko keken ɗinki na ɗauka zan shaƙa. Ya yi mini faɗa sosai, daga baya dariya ta ci ƙarfinsa har ya zauna a ƙasa. Ni ban yi dariya ba, don alkawarina yana jirana a gida.

Na so in yi shiru, amma na kasa haɗa ido da Inna. Na durƙusa na faɗa mata komai, har man keken. Ta saurare ni har na gama. Sannan ta tambaya, shin ruwan ne ya ci amanata ko ni na ci amanar kaina. Na ce ni ne. Ta ce to ruwa bai yi laifi ba, in je in sayar da rigar gayun in sayo abin numfashin na kirki, amma ba zan sake shiga ko'ina da shi ba sai ita ta gwada da kanta.

Haka aka yi. Na sayar da rigar, na sayi sabuwar ragileta, na karɓi rigar nan mai ɓarakar hammata na gyara ta da hannuna. Ranar gwaji na aro tukunya, aka cika babban baho a tsakar gida. Inna, matar da ba ta taɓa yarda ruwa ya rufe mata fuska ba, ta gyara ɗankwali, ta yi bisimilla, ta sa abin a baki, ta toshe hanci ta tsoma kai. Kumfa ta yi ta tashi, jikoki suna tsalle suna ihu. Ta ɗago tana haki tana dariya, ta ce ashe abin da nake satar jiki in je in yi ke nan, ta sake komawa. Ni kuwa ina gefe ina share hawaye.

Abin da na koya shi ne idon gwanjo iyakarsa abin da ake gani, robar da ranka ya rataya a kanta kuwa tana ciki. 'Yan uwa masu sha'awar nutso, in kuɗinku bai kai ba, ku sayi riga da takalmi na hannu, ba abin kunya ba ne. Abin shaƙa kuwa ku sayi sabo, ko ku kai wa wanda ya san cikinsa, kuma kada ku kusance shi da man da ba nasa ba. Har yau ina nutso da rigata mai faci a hammata, kuma duk ranar da zan fita, tun kafin in gama karyawa nake jin Inna tana cewa a cika mata baho.