Yadda ƙaramin ɗana ya koma filin langa

Shekarun baya, a kakar shekarar da aka samu mulkin kai, 'ya'yana biyu sun yi mako guda ba sa cin tuwo a kwano ɗaya, kuma langa ce sanadi.

Lokacin ba mu daɗe da tasowa daga Kebbe zuwa Tambuwal ba. Babban yana da shekara goma sha ɗaya, ƙaramin shida, kuma bai san kowa a garin ba sai wansa. Da an yi la'asar, yaran unguwarmu kan kara da na wata unguwa a masussuka. Kowa ya riƙe ƙafa ɗaya ta baya yana tsalle. Kowane ɓangare da ruwansa, wato yaron da ake karewa har ya kai wurin sha, inda in ya isa an ci wasa. In aka kayar da ruwa, an cinye ku.

Manyan ba sa magana a fili, don abokan karawa na ji. Kallo ɗaya za su yi wa juna, kowa ya san wanda zai tare. Shi kuwa ƙaramin, an ce ya tsare hagun ruwa, amma da an fara sai ya miƙe wurin sha shi kaɗai, ya isa yana ta murna. Ta gurbin da ya bari ake shigowa a kayar da ruwa. Sau uku a jere aka yi haka, wansa ya rantse ba zai ƙara shiga da shi ba.

Yaron ya koma zaman zaure shi kaɗai. Yana jin shewar yara daga nesa, yana tona ƙasa da tsinke.

Ni da ban taɓa cin langa ba ko a ƙuruciyata, sai na zama malami. Na zana fili a ƙasa, na jera tsakuwa, na ce ga ka, ga ruwa, ga wan naka. Ya yi ta gyaɗa kai. Na roƙa aka maido shi. Aka fara, ya miƙe wurin sha kamar ba mu taɓa magana ba. Har na ce a raina ko kaina ya gado.

Mahaifiyata ce ta raba gardamar. Ta kira su ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi kowa a asirce: in kun ɓace wa juna ranar kasuwa, ina za ka tsaya? Ƙaramin ya ce wurin mai alewa, don shi alewa yake so. Babban shi ma ya ce wurin mai alewa, don ya san can ƙanensa zai nufa.

Ta dubi babban ta ce, "Ka ji ko, maigidana? Kai kana ganin cikin kanshi, shi bai kai ganin naka ba tukuna. To wa ya kamata shi bi wani?"

Washegari babban ya shawo kan abokansa suka sa ƙaramin ya zama ruwa. Tunda sun san hanyar da zai bi tun bai ɗaga ƙafa ba, suka yi masa shinge hagu da dama. Ya miƙe abinsa kamar kullum, ya sha. Ya dawo gida, suna cin tuwo a kwano ɗaya, yana gaya wa kakarsa shi kaɗai ya ci wasan. Wansa ya buɗe baki, ta harare shi, ya mayar da loma.

Bayan damina uku na tsaya a bakin masussukar, na ga ƙaramin ya saci kallon wansa, ya bar hanyar sha, ya tare wani ƙato. Ba wanda ya gaya masa. Lokacinsa ne ya yi.

Yanzu da furfurata nake zuwa ajin yaƙi da jahilci. In ina bitar karatu a zaure na cije, sai ƙaramin ya dubi fuskata ya ɗora yatsa daidai kan harafin da ya tsaya mini. Bai taɓa ce mini na cika jinkiri ba. Ni ma na gode Allah da maganar da na yi a raina ran nan ba ta fito bakina ba.