Yatsu Huɗu Sama Da Gwiwa

Ko tsufa zai kwashe duk abin da ke kaina, ba na jin zai iya ɗauke mini labarin wandon da na shiga sakandare da shi. Duk sanda na ga jikokina sun fito da safe za su makaranta, wannan riga a waje, wancan safa ƙafa ɗaya baƙa ɗaya ruwan toka, kuma na san a haka za a karɓe su, sai in yi dariya ni kaɗai. Mu a zamaninmu tsawon wando kawai ya kusa raba ni da boko har abada.

A Tudun Wada aka haife ni. Babanmu malamin zaure ne, daga sallar asuba har hantsi magidanta ke zuwa ɗaukar karatun littattafai a wurinsa. Mutum ne marar faɗa, ban taɓa ganin ya ɗaga hannu ya doki ɗa ba, amma kaifi ɗaya ne, in ya faɗi magana ta zauna ke nan. A firamare ba mu sami matsala ba, domin 'yar shara da dogon wando muke sawa. Da na ci jarrabawa aka ba ni gurbi a wata sakandaren jeka-ka-dawo da ke unguwar, sai aka ce 'yan aji ɗaya zuwa uku farar riga da gajeren wando na kaki za su sa, dogon wando sai an kai aji huɗu. Baba ya ce bai hana karatu ba, amma na fara zama mutum, kuma ɗansa ba zai ratsa gari da cinya a waje ba. Shi da kansa ya kai yadi wurin tela, ya tsaya aka gwada ni, ya sa aka saki wandon har ya rufe gwiwa. Abin da telan ya ɗinko, ba a ce masa gajere ba, ba a ce masa dogo ba.

Ni dai ban damu ba, murna ta ishe ni. Tun ina ƙarami in aka aike ni wajen Kongo, inda harabar jami'a take, nakan tsaya in yi ta kallon ɗaliban jami'a da littattafai a hammata, in ce a raina sai na zama ɗaya daga cikinsu. Ban san mene ne suke karantawa ba, amma ina so.

Makarantar nan kuwa ba a wasa da kaya. Kowace safiya a taron asambuli sai an bi layi an duba mu tun daga kai har ƙafa: aski, farce, wuyan riga, karin guga, safa fara, sandal ruwan ƙasa. Wanda rigarsa ba ta sha bula da sitaci ba, tsallen kwaɗo. Wanda maɓalli ɗaya ya fita, a ba shi langalanga ya je ya sari ciyawa. Mai wannan aiki shi ne malamin horo, wani dogo siriri wanda karin wandonsa kaɗai ya isa ya tsorata yaro. Shi ba ya yawo da awo. Sai ya sunkuya ya jera yatsunsa huɗu a saman gwiwarka, in bakin wando ya taɓa yatsun, ka karya doka.

Da ya zo kaina ranar farko bai ma wahalar da kansa da sunkuyawa ba. Ya dube ni sama da ƙasa, ya tambaye ni ko buje aka ɗinka mini. Layi duk aka kwashe da dariya. Ya ba ni bulala, ya ce in je a rage shi kafin sati ya zagayo.

Nan fa na shiga tsaka mai wuya, gaba kura baya sayaki. In na rage wando, na saɓa wa Baba. In na gaya masa ana dukana a kan wando, na san amsar: zai ce in zauna gida, zaure ma makaranta ce. Sai na yanke wa kaina shawarar da a lokacin nake gani wayo ce, na ce zan riƙa shan bulalar in yi shiru. Kullum da safe in fito gaban layi tun kafin a kira ni, in karɓi rabona, in soshe, in wuce aji. Yara har sun saba, ba sa ma dariya. Inna ce kaɗai ta gane, ganin yadda nake zama a kaikaice in za mu ci tuwo, amma na roƙe ta ta rufa mini asiri.

Abin da ban lissafa ba shi ne, shi ma malamin horo yana da nasa taurin kan. Wata Litinin, maimakon tsumagiya, sai na ga ya zaro almakashi daga aljihu. Na sha jinin jikina. Ya sa manyan ɗalibai biyu suka riƙe ni, ya jera yatsun nan huɗu, ya bi da almakashi ƙafa bayan ƙafa, a gaban duk makaranta. Ban yi kuka ba, amma ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba. Da aka sallami taro na durƙusa na tsince ƙyallayen biyu na cusa a aljihu. Wandon ke nan gare ni, ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata.

Da aka tashi na bi lungu-lungu na koma gida, ina kare cinyoyina da jakar littattafai. Gidanmu kuwa ba ka shiga sai ta zaure, kuma Baba na zaune. Ya dube ni sau ɗaya ya kawar da kai. Bai tambayi wanda ya yi ba. Cewa ya yi kawai in shiga in suturta jikina, in kuma sai da wannan ake boko, to bokon ya ƙare.

Na shiga ɗakin Inna, nan ne kukan ya zo. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta karɓi ƙyallayen, ta ɗauko zare da allura ta mayar da su inda aka yanko. Ɗinkin ya fito raɗau, kowa ya gani ya san an yi tabo, amma wando ya koma tsawonsa. Ina kallonta tana ɗinki wata dabara ta faɗo mini. Bayan la'asar na sami Baba shi kaɗai, na durƙusa.

"Baba, zuwa makarantar aka hana ni, ko gajeren wandon?"

Ya ɗago ya dube ni. "Wandon na hana."

"To zan koma da wannan."

"Ba za su karɓe ka ba."

"Zan dai je."

Bai ce je ka ba, bai ce kada ka je ba, ya mayar da idonsa kan littafinsa. A gidanmu wannan izini ne.

Washegari na goge kayana da dutsen guga na gawayi, na tafi. Malamin horo na tsaye a ƙofa. Ya ga tabon ɗinkin Inna, ya gane abin da aka yi, ya nuna mini hanya da bulalarsa. Ya ce kada in sake taka harabar sai da wando na doka, kuma in sani akwai yara da yawa da ke jiran gurbi, in na daɗe a waje za a ba wani nawa. Na ce to. Na tsallaka hanya na zauna a gindin wata darbejiya da ke kallon ƙofar. An hana ni ciki, amma bishiyar ba ta makaranta ba ce.

Nan ta zama ajina. Kullum ina idar da sallar asuba in shirya tsaf, riga da sitaci, safa fara, in isa tun mai gadi bai buɗe ƙofa ba. Dalilina shi ne kada ranar da za a ce in shigo a tarar ba na nan. In an fita hutun tara, wani abokina da muke benci ɗaya ya miƙo mini littattafansa ta wayar shinge, in kwafe abin da aka yi, ya faɗa mini abin da ya riƙe na bayanin malami. Lissafi ne ya fi ba ni wuya, don abokin nawa shi ma ba gwani ba ne, makaho ne ke jan makaho. In an tashi in bi ayari in koma gida kamar kowa.

Kada in yi ƙarya in ce abin da daɗi. Masu tallan gyaɗa da rogo sun mai da ni abin nuni. Wata tsohuwa mai ƙosai kullum sai ta ce mini, ɗan nan, ko dai ka yi zuciya ka tafi kasuwa ka koyi sana'a. Akwai ranakun da in na ji 'yan ajinmu suna amsa wa malami baki ɗaya sai hawaye su cika mini ido, in ji kamar in je wurin tela da kaina a rage wandon kowa ya huta. Amma in na tuna fuskar Baba a zaure sai in fasa, in kuma na tuna Kongo sai in gyara zama. Baba ya san inda nake wuni, Inna ta gaya masa. Bai taɓa tayar da maganar ba, sai dai in zan fita ya ce Allah ya ba da sa'a. Malamin horo kuwa kullum zai wuce ni a kan babur ɗinsa, ya yi kamar bai ga kowa ba. Makonni suka shuɗe a haka, har abokina ya kawo mini labarin an fara maganar ba da gurbina.

Ana cikin haka damina ta sauka. Wata safiya aka tashi da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Inna ta ce yau kam ka haƙura, ko malaman ba za su fito ba. Na ce ai yau ce ma ba zan zauna ba. Na naɗe littattafaina a leda, na kifa buhu a ka, na riƙe sandal a hannu na shiga ruwa. Da na isa babu kowa sai mai gadi a ɗan ɗakinsa. Lokacin shiga aji ya yi ya wuce, ba a ji ƙararrawa ba, domin ɗalibin da ke buga ta ma ruwa ya tare shi a gida. Can sai ga malamin horo yana turo babur, ya jiƙe sharkaf, karin wandon nan duk ya kwanta. Ya tsaya a ƙofa, ya dubi harabar wayam, ya juyo ya dube ni a gindin bishiya ina rawar sanyi.

"Kai wai wane irin yaro ne?" in ji shi. Ya ce in biyo shi.

Muka jira a baranda har firinsifal ya iso. Suka shiga ofis suka daɗe, sannan aka kira ni. Firinsifal ya tambaye ni me ya sa ban rage wandon ba, na ce babana ya hana. Ya ce to me ya sa ban zauna gida ba, na ce bai hana ni zuwa ba. Ya dubi malamin horo, shi kuma ya gyara tsayuwa ya yi magana, ba tare da ya saki fuska ba ko kaɗan.

"Doka ba za ta canza saboda kai ba. Ɗan aji ɗaya gajeren wando yake sawa. Amma mai buga ƙararrawa yana cikin firifet, firifet kuwa dogon wando ne kayansa, ko a wane aji yake. Na lura kana riga mai gadi zuwa. Daga gobe kai ne mai ƙararrawa. Ranar da ka makara, ko sau ɗaya, ka koma gajeren wando ko ka koma gindin bishiyarka."

Na buɗe baki in yi godiya, ya ce in wuce aji kafin ya hukunta ni a kan safa, don ta yi taɓo. Na daɗe ina jin haushin mutumin nan, sai da na girma na gane ba mugu ba ne. Shi a wurinsa kayan makaranta ne ke sa ɗan attajiri da ɗan mai faskare su tsaya layi ɗaya ba a bambance su, in ya sassauta wa ɗaya, gobe kowa zai zo da nasa uzurin.

Da yamma na durƙusa na gaya wa Baba yadda aka yi. Sai na ga murmushi ya ɓullo ta cikin gemunsa, abin da ba kasafai ake gani ba.

"To, sun naɗa ka ladaninsu ke nan," in ji shi. "Ladani kuwa ba ya makara."

Washegari da asuba, magidanta sun jeru a zaure da littattafansu, kowa na jiran layinsa bisa girma kamar yadda aka saba, sai Baba ya ce su yi masa haƙuri, daga yau yaron nan ne zai riƙa fara biya nasa karatun kafin kowa, domin akwai jama'a da ke jiransa. Ni da a da sai kowa ya gama, na dawo makaranta, ake biya mini nawa, na zauna gaban masu furfura na karanta, na tashi na tafi. Haka ya yi mini har na gama sakandare, kuma ko sau ɗaya ƙararrawar makarantar ba ta jira ni ba.

Abin da na koya shi ne, in manya biyu suka ja daga a kanka, kowa da gaskiyarsa, ba dole ne ka karya ɗaya don ka bi ɗaya ba, kuma ba dole ne ka yi zuciya ka bar abin da kake so ba. Ka tsaya inda kowa zai gan ka, ka riƙa zuwa kullum da shirinka. Mutane suna iya ƙin jin roƙonka, amma da wuya su daɗe suna tsallake wanda ya ƙi tashi daga bakin ƙofa.