Duk Alƙalan Ɗalibanka Ne, Malam

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin ranar Talata, tara ga watan nan, ina tsaye a barandar kotu 'yarka ta fari ta kira ni, ta ce, "Anti, Baba ya cika." Fayil ɗinka na hammatata a lokacin, Malam. Na je ne in ji wane alƙali aka tura wa shari'arka a wannan karon.

Ni ɗalibarka ce, ni ce kuma lauyarka har ranar da ka bar duniya, don haka ba zan shafa maka mai a ta'aziyya ba, kai ma ba za ka so ba. Ba ka da daɗin sha'ani a aji. Kusan duk rayuwarka ka yi ta kana koyar da ladubban aikin lauya a tsangayar shari'a, darasin da kowa ke ɗauka na hutu ne sai ya faɗa hannunka. Jan Biro muke ce maka a bayan idonka. Na ga ƙato da gemunsa yana sharɓar kuka a gabanka, don ya ce lauya zai iya ɓoye wa kotu hukuncin da zai kayar da shi. Ka dube shi ka ce, "Ɗana, kasuwa na neman irinka. Ka bar mana kotu." Ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya ba ka shiga motar ɗalibi. Shekarar da ɗan ƙanwarka ya shigo ajinmu, wani malami ka ba takardarsa ya duba, ka kuma hana yaron taka gidanka sai da sakamako ya fito.

Amma kai ne mai tsohuwar baƙar rigar lauyan nan da ke rataye a bayan ƙofar ofishinka. Duk wanda ba shi da halin ɗinka tasa, ita yake sawa ranar rantsuwa. Ni da na saka ta, sharar ƙasa take yi. Mama, uwargidanka, ta zauna da allura ta kama min ita, kana gefe kana mita wai kada a lalata maka riga. Da mahaifina ya rasu ina shekarar ƙarshe, har gida ka zo ka ce wa baffana, "Yarinyar nan ba za ta bar karatu ba." Kai ka ɗauki nauyin karatun, ba ka kuma sake tayar da zancen ba har ka mutu.

Abin da ka fi nanata mana shi ne, alƙalin da ke da kusanci da ɗaya daga cikin masu shari'a ya janye, ya bar wa wani. Ka ce ko zuciyarsa fara ce tas, idon jama'a ma yana da haƙƙi. Muka haddace, muka ci jarrabawa.

Sai aka ƙulla maka sharri. An kama ɗan wani babban mutum da satar amsa, ka ƙi shaidar kyawun halinsa, ba a kuwa rantsar da lauya sai da wannan shaida. Ba a jima ba shugaban tsangaya ya miƙe a gaban malamai da ɗalibai ya ce kana sayar da tambayoyin jarrabawa. Kai, Malam! Kai da ko ruwan ɗalibi ba ka sha. Aka sallame ka, aka canja makulli, ka tarar da littattafanka a kwali a bakin ƙofa. Ka shigar da ƙarar ɓata suna. Ka ce min ba diyya kake nema ba, so kake alƙali ya buɗe baki ya ce ƙarya aka yi maka, jikokinka su ji da kunnensu.

Alƙali na farko ya ɗago kai ya gan ka, ya ce, "Mai ƙara malamina ne. Na janye." Da muka fito ka ce min, "Daidai ya yi." Wadda ta biyo baya 'yar ajinmu ce, ta ma riga ni saka rigar nan taka. Ita har maganarka ta karanto kalma da kalma kafin ta janye. Haka fayil ya yi ta yawo daga tebur zuwa tebur. Wane alƙali ne a garin nan bai zauna a ajinka ba? Wanda bai zauna ba, matarsa ta zauna.

To amma ka koya mana wani abu a mako na gaba da wancan darasi: idan babu wanda ya rage, dole ɗaya ya zauna ya saurara, domin ba a barin mai ƙara babu alƙali. Wannan kam duk sun manta. Ba kunyarka suke ji ba, Malam, tsoron babban mutumin nan suke yi, suka sami darasinka suka laɓe a bayansa. Kai ma ka sani. Na ce bari in sami babban alƙali a gida in yi masa magana, ka daka min tsawa: "Gidan alƙali, a kan shari'ar da ke kotu? Wa ya koyar da ke?" Ka daɗe ba ka amsa gaisuwata ba. Na ji haushinka, wallahi na ji.

Duk da haka ba ka taɓa fashin zaman kotu ba. Da farko da sanda, daga baya ka jingina da autanka, a ƙarshe a keken guragu ake turo ka, da wankakkiyar riga, ka zauna ka ji an ɗage.

Ranar jana'izarka duk sun zo. Motocinsu sun toshe layin, su ne a sahun gaba, kowa na cewa, "Shi ya yi mu." Har shugaban tsangaya na gani yana share ido da hankici.

Litinin ɗin da ta biyo baya, shari'arka aka fara kira, a gaban alƙalin nan na farko. Wannan karon bai janye ba. Ya ce ƙarar ɓata suna tare da mai ita take mutuwa, ya kore ta, ya ƙara da cewa, "Allah ya jiƙan Malam." Ban gama gyara tsayuwata ba aka kira ta gaba.

Da na je gida, Mama ta kama hannuna ta ce, "'Yata, an ce an gama. Sun wanke shi?" Na ce, "A'a, Mama. Jira suka yi ya mutu." Ta sake ni, ta juya fuskarta bango.

Ina miƙa ta'aziyyata gare ki Mama, da 'ya'ya da jikoki, Allah ya ba ku haƙuri da juriyar wannan rashi. Ku kuwa masu girma alƙalai, ba na yi muku ta'aziyya. Ba rashi kuka yi ba, hutu kuka samu.

Allah ya jiƙanka, Malam, ya yafe maka zafin harshenka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ƙararka tana gaban Alƙalin da ya san ka fiye da kowa, kuma Shi ba zai janye ba.