Allura ta Huɗu

Na manta sunayen da yawa daga cikin mutanen da na yi wa allura, wasu ma fuskokinsu sun ɓace mini, amma safiyar wata Laraba a kakar gyaɗa, shekara biyu kafin mu samu mulkin kai, tana nan daram a raina har in koma ga Mahaliccina. Ranar ce na kusa kashe mutum da hannuna ina yi masa murmushi.

Lokacin ban daɗe da gama koyon aikin jinya ba, aka tura ni wani ƙaramin asibiti a gabas da Damagaram, gaba da Mirriya. Mu biyu ne, ni da majo, wato babban malamin asibitin, tsohon soja mai faɗan tsiya. Lokotoro kuwa, wato babban likita, sai a yi wata bai leƙo daga Damagaram ba. Ni ko kaina ya gama kumbura: ga farar riga, ga sirinjin da nake dafawa a tukunya, ga penisilin ta shigo tana abin mamaki. Mutanenmu sun ɗauke ta maganin komai. In ka ba mutum ƙwaya gani yake ka raina shi, allura yake so, mai zafi ma ta fi.

Ana haka aka kawo wani dattijo manomi a kan jaki, matarsa na biye da shi. Fartanya ce ta sare shi a ƙafa wajen cirar gyaɗa, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da aiki har ƙafar ta ruru ta fara wari. Majo ya duba, ya ce allura kullum har kwana bakwai, ya bar mini shi.

Kowace safiya sai in wanke ciwon in ce, "Baba, ya jiki?" Ya ce, "Da sauƙi, ɗana. Allah ya yi maka albarka." Shi ke nan, sai in zuƙo magani. To ni ma fa ɗan ƙasar nan ne. Na san mutumin nan namu ko yana gargarar mutuwa ka gaishe shi da jiki, da sauƙi zai ce. A gidanmu na san wannan sarai, amma da na sa farar riga sai na mai da gaisuwa ta zama binciken likita. Rana ta uku na gan shi da babbar riga, ya naɗe wuya da mayafi cikin zafin nan, yana ɗan sosa damtse a ɓoye. Na ce a raina ƙaiƙayin gero ne. Ɗan wurin da yake buɗe mini in soka allura kaɗai nake gani a jikinsa, kuma ban nemi ganin sauran ba.

Laraba na yi masa ta huɗu. Ya yi godiya, ya ɗingisa har gindin tsamiyar da ke ƙofar asibiti, sai ya zauna daɓas. Kafin in wanke hannu na ji matar ta kwarma ihu. Na fito na tarar leɓɓansa sun kumbura, idanu sun rufe, numfashinsa na yin fito kamar ana hura kara. Masu jiran layi suka yi caa, wani na cewa iskoki ne, wata na neman ruwa. Ni kuwa gaskiya ɗaya ce, na sandare a tsaye. Duk abin da aka koya mini ya gudu.

Majo ne ya ture ni gefe, ya kama rigar dattijon ya yage ta. Ƙirji da baya duk borin jini ne, ruɗu-ruɗu, ga sawun farce har ya yi ɓawo. Ya daka mini tsawa, "Adirenalin! Ƙaramar kwalba a akwatin ƙarfe, maza!" Na ruga na kawo, shi ya soka. Muka kwantar da shi muna jira. Da ba ta isa ba ya ƙara wata. Can sai fiton ya fara lafawa, dattijo ya ja numfashi mai tsawo.

Da rana ta yi sanyi matar ta ce mini, "Tun shekaranjiya yake susa. Na ce ya faɗa muku, ya hana ni magana." Na durƙusa gaban tabarmarsa na ce, "Baba, don Allah me ya sa ba ka faɗa mini ba?" Da ƙyar muryarsa ke fita. Ya ce, "Ɗana, ka wanke mini ƙafa mai wari da hannunka, ko fuska ba ka yatsine ba. Sai in buɗe baki gaban jama'a in ce maganinka ya cuce ni?"

Kuka na yi, ba na jin kunyar faɗa. Na jira majo ya wanke ni tas, amma abin da kawai ya ce shi ne, "Shi ka tambaya, ba ka tambayi jikinsa ba." Muka daina penisilin, muka koma wanki da wani magani. Sai da dattijon ya yi wata biyu kafin ya jefar da sanda, gyaɗarsa kuma 'yan'uwa ne suka ƙarasa cire masa.

Jikata da ke aikin harhaɗa magunguna tana ba ni labarin yadda bincike ya yi nisa yanzu, har akan ɗiga wa mutum ɗan magani a fata a ga ko jikinsa zai ƙi shi kafin a ba shi. Ina murna da haka ƙwarai. Sai dai nakan ce mata ta riƙa ɗaga hannun rigar majinyaci tana dubawa, ta kuma tambayi wanda ya rako shi. Abin da ranar nan ta koya mini ke nan: mutumin kirki yana iya yarda ya mutu don kada ya ba ka kunya, kuma hana shi yin haka aikinka ne, kai mai sirinji a hannu.